Daga Ƙofar Wambai Zuwa 'Yargoje: Sake Karanta Littafin Brian Larkin

Littattafan da ake rubutawa a kan na'urori ba su cika yin tsawon rai ba. Kafin a gama yayinsu na'urar ta tsufa, littafin ma ya bi ta. Shi ya sa nake ganin abin a jinjina ne a ce littafin da ya fito a 2008, wanda babu WhatsApp ko TikTok a cikinsa, wanda akasarin bincikensa an yi shi ne a Kano a shekarun 1990 lokacin da kaset ke tashe, har gobe shi ya fi bayyana halin da mai riƙe da waya yake ciki a Ƙanƙara ko Faskari ko Sabuwa. Sunan littafin Signal and Noise: Media, Infrastructure, and Urban Culture in Nigeria. Marubucinsa Brian Larkin ne, malamin nazarin al'adun al'umma a Kwalejin Barnard ta Jami'ar Columbia da ke New York, kuma maɗaba'ar Jami'ar Duke ce ta buga shi.

Masu nazarin kafafen watsa labarai sun saba tambayar me aka faɗa a rediyo, me aka nuna a fim, wane darasi aka koya. Larkin bai raina waɗannan tambayoyi ba, amma hankalinsa ya fi karkata ga hanyar da saƙon ya bi kafin ya iso kunne: wayar da aka ja, turken da aka kafa, ginin silima da unguwar da aka yarda a gina shi, injin kwafar kaset, batir, da mai gyaran da ke zaune a bakin kasuwa da sukundireba. Da ya bi wannan hanya sai ya tarar da abin da duk ɗan Najeriya ya sani a jikinsa amma ba a cika rubutawa ba, wato a nan lalacewa ba baƙuwa ba ce da ke leƙo na'ura jefi-jefi. Tare ake kwana da ita, tare ake tashi, kuma ita ke tsara yadda ake kallo da sauraro da kasuwanci.

Babin farko ya faro ne daga manyan ayyukan Turawan mulki: layin dogon da ya iso Kano a 1911, gadoji, da ruwan famfo da wutar lantarkin da aka buɗe a farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Larkin ya nuna cewa amfani kaɗai bai isa ya bayyana waɗannan ayyuka ba. An yi su ne kuma don su cika ido, su jefa wa talaka tsoro da sha'awa a lokaci guda. A tara sarakuna da dawaki, a yi bikin buɗewa, Bature ya tsaya a gefe yana nuna cewa ga hujjarsa ta mulki. Gwamnatocin da suka biyo bayan 'yanci sun gaji wannan ciniki yadda yake: ku bi mu, mu kawo muku wuta da hanya da ruwa. To idan aka ɗauke wuta, abin da ya lalace ya wuce taransifoma, alkawari ne aka saɓa. Wannan ne ya sa fushin da ake yi da rashin wuta yake da ɗanɗanon siyasa, ko da yake NEPA ta koma PHCN a 2005, aka kuma sayar da rarraba wutar ga kamfanoni a 2013, Katsina da Kano da Jigawa suka faɗa hannun KEDCO. Shi ya sa kuma ɗan takarar da ya shiga ƙauye a yau ba ya rasa ambaton taransifoma da ƙarfen sabis a cikin jawabinsa.

Babin rediyo ya fi kowane burge ni a ɓangaren tarihi. Mu da muka taso da ƙaramar rediyo a kafaɗar dattijo muna ɗauka haka aka san ta tun fil azal, kana murɗawa daga Kaduna zuwa Landan zuwa Jamus. Ba haka ta fara ba. Rediyon da ta iso Kano a 1944 ta waya ce. Akwai ofishi guda da ke kamo shirye-shirye, daga nan a ja waya zuwa akwatunan magana a gidajen waɗanda suka biya, da lasifikokin da aka rataya a wuraren taruwar jama'a. Mai sauraro ba shi da tashar da zai canza. Abin da hukuma ta zuba, shi zai sha. Ta fuskar mai mulki babu tsarin da ya fi wannan daɗi, domin bakin magana ɗaya ne kuma makunnin yana hannunsa. Sai dai Larkin ya shiga fayil-fayil na ma'aikatan mulkin mallaka ya fito da wani labarin daban: kayan aiki na lalacewa, kayan gyara ba sa isowa da wuri, murya na fita a cakuɗe, jami'ai na ta rubuta wa juna ƙorafi. Na'urar da aka kawo don ta nuna isar gwamnati sai ga ta tana tona asirin gazawarta a tsakiyar kasuwa. Da akwatin da ba ya buƙatar waya ya yaɗu, musamman mai aiki da batir, makunnin ya sulale daga hannun hukuma ya koma hannun mai sauraro. Sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, gidan rediyon Kaduna ya biyo baya a 1962, kunnen Bahaushe ya sami zaɓi.

Babukan silima su aka fi ambato idan ana maganar littafin, kuma sun cancanta, ko da yake ba zan daɗe a kansu ba. Larkin ya raba majigin gwamnati, wanda mota ke kai wa gari-gari kyauta don koyar da tsafta da noma da biyayya, da silimar kuɗi ta 'yan kasuwar Lebanon, irin Rex da aka buɗe a 1937 a wajen ganuwa. Ya bi gobarar El Duniya ta 1951 da ta ci rayuka 331, da yadda mutane da yawa suka fassara ta a matsayin fushin Ubangiji, da turjiyar da aka yi lokacin da aka shigo da silimar Palace cikin birni. Abin da ya fito fili shi ne, ƙyamar da aka yi wa silima ba daga abin da ake nunawa kaɗai ta samo asali ba. Wurin da aka gina ta, kusa da mashaya da gidajen mata masu zaman kansu, ya shafa mata baƙin jinin da har yau 'yan fim ke fama da ragowarsa.

Amma inda littafin ya kai maƙura shi ne babi na bakwai, na Ƙofar Wambai. A wannan kasuwa ce 'yan kaset suka gina hanyar rarraba finafinan Indiya da na Amurka da aka kwafa ba da izini ba, da wa'azi, da waƙoƙi. Kaset na asali ya shigo ta Dubai ko wata mashigar, a jera injina a yi ta kwafa, dillalai su ɗauka bashi bisa amana su bazu cikin Arewa, har Nijar da Kamaru da Ghana. Babu hedikwata, babu manaja, babu wanda za a kama a ce an kashe harkar. Larkin ya lura da abin da masu zagin satar fasaha ba sa son ji: da fim ɗin Hausa na bidiyo ya zo, tun daga Turmin Danya a 1990, ba wata sabuwar hanya ya haƙa ba. Kan wannan hanyar ta 'yan kwafi ya hau. Furodusa ya gama fim, ya buga kwalaye, ya miƙa wa 'yan kasuwa kaset na asali, su sayi kwalin su kwafa su zuba a ciki. Kwalin ne shaidar halacci. Masana'antar da gwamnati ba ta gina ba, banki bai ba ta rance ba, ta miƙe a kan kayan aikin da doka ke kira haram.

Daga nan ya juya ga abin da ido ke gani. Kwafin kwafin kwafi ba ya fita tsaf. Launi ya zube, fuska ta dushe, murya ta yi ƙara, ga layuka na gilmawa. Larkin ya ce wannan dushewar ita ce fuskar da duniyar waje ta zo mana da ita. Wanda ya kalli Amitabh Bachchan a ɗakin kallo a Funtuwa bai ga abin da mutumin Bombay ya gani ba, ya ga nasa ne, wanda ya ratso injina goma kafin ya iso. Ban san wani marubuci da ya ɗauki wannan ƙaramin abu da muhimmanci haka ba, kuma da zarar ka karanta ba ka sake kallon bidiyon da aka tura ta WhatsApp sau ashirin, har ya zama ba a gane fuskar mai magana, ba tare da ka tuna shi ba.

Ƙofar Wambai ta kaset ta shuɗe, amma tsarinta bai mutu ba, ya ƙaura ne ya shiga rumfar mai caji. A duk kasuwar ƙauye da ke kan hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, 'Yargoje na cikinsu, za ka ga rumfa da ƙaramin janareta ko faifan sola, allon katako cike da soket, wayoyi jere da lamba a bayansu, a gefe kuma matashi da kwamfuta yana turi. A ba shi memori ya cika shi da fim mai dogon zango, da fassarar Indiya, da tafsiri, da waƙoƙin siyasa. Wanda aka tura wa ya koma gida ya tura wa maƙwabci ta Xender, wadda ba ta cin data ko sisi domin waya da waya ne ke magana kai tsaye. Matar da ba ta fita kasuwa ta ba yaro wayarta da 'yan canji, da la'asar ya dawo mata da sabon zango. Wannan sadarwa ce da ba ta da cibiya, kuma babu injiniyan da ya zana ta. Tsadar data da raunin sabis ne suka haife ta. Larkin bai gan ta ba, amma ya bar mana ma'aunin da za a auna ta da shi.

Ga inda nake ganin littafin ya tsaya, rayuwa ta wuce shi. Lalacewar da Larkin ya sani ta sakaci ce da talauci da tsufan kaya: wuta ta ɗauke don injin ya gaji, kaset ya dushe don an cika kwafa. Bai kawo a ransa ranar da hukuma za ta miƙa hannu da gangan ta kashe makunnin ba. A farkon Satumban 2021 aka rufe layukan waya a Zamfara baki ɗaya. Mutanen Gusau suka riƙa shiga mota zuwa Funtuwa don su yi kira ɗaya su koma. Bayan 'yan kwanaki sai abin ya tsallako Katsina, gwamnatin Aminu Bello Masari ta sanar da katse sabis a ƙananan hukumomi 13, ciki har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa da Ɗandume da Batsari da Jibiya, har da Funtuwar da ake gudowa. Kafin nan an riga an kafa dokar da ta rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya, ta hana cinikin dabbobi a kasuwanni da dama, ta hana sayar da fetur a jarka. Daga baya aka haɗa da rumfunan caji na kuɗi.

Ba a rasa hujja ba, kuma ba zan yi kamar ban san ta ba. A watan Disambar 2020 aka kwashi ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. Da waya 'yan bindiga ke cinikin kuɗin fansa, da waya infoma ke gaya musu inda sojoji suka nufa da wanda ya sayar da shanu a kasuwa. Mutane da yawa a yankin sun yi maraba da matakin a farko, suna cewa in dai za a sami barci, a ɗauke. Amma wayar da infoma ke amfani da ita, ita ce dai mai unguwa ke kiran jami'an tsaro da ita, ita ce ƙauye ke gargaɗin ƙauye da ita cewa an ga babura sun fito. Mai POS ya rufe, domin injinsa ba ya numfashi sai da sabis. Ɗan ci-rani a Legas ba shi da hanyar aiko da kuɗin cefane, ba shi da hanyar jin ko an kwana lafiya. Aka koma ba direba wasiƙa da saƙon baka. Hari ya auku, labarinsa bai fita ba sai bayan kwanaki, wanda hakan ya sa wasu a birni suka ɗauka shiru alamar lafiya ce. Sai wajen ƙarshen shekarar aka fara maido da layukan. Matsalar kuwa ba ta tafi ba: a watan Yunin 2024, da sabis ɗin da komai, 'yan bindiga suka afka wa 'Yargoje suka kashe mutane da dama.

Idan mutum ya dawo kan littafin da wannan a zuciyarsa, zai ji wani wuri yana yi masa ƙaiƙayi. Larkin na da sha'awar dabarar da lalacewa ke haifarwa, mai gyaran da ke tada mataccen inji, ɗan kasuwar da ke mai da cikas riba. Sha'awar tana da tushe, ni ma ina da ita. Sai dai daga Kano ya yi kallonsa, inda in wuta ta ɗauke akwai janaretan maƙwabci, in wannan shago ya rufe akwai na gaba. A ƙauyen da ƙarfen sabis ɗaya ne tak, wanda shi ma dizal yake sha, kuma mai kai dizal ɗin yana tsoron hanya, ɗaukewar sabis ba ta haifar da wata fasaha. Mai naƙuda ce ake neman mota a kai ta asibiti babu hanyar kira. Littafin ya faɗa a sunansa cewa na birni ne, don haka ba a ce ya yi ƙarya ba, amma mai karatu daga kudancin Katsina zai ji an tsaya da shi a rabin hanya.

Wani abin lura shi ne a daidai lokacin da aka katse sabis ɗin Najeriya na cikin wata rufewar ta daban. Daga 5 ga Yunin 2021 zuwa 13 ga Janairun 2022 gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter, bayan kamfanin ya goge wani saƙon Shugaba Muhammadu Buhari. Wannan ta sami kanun labarai a duniya, lauyoyi suka tafi kotu, 'yan birni suka sauke VPN suka ci gaba da harkarsu. Gwamnati ta buɗe shafi a Koo, wata manhajar Indiya, wadda ita ma ta rufe a 2024. A ranar 4 ga Oktoban 2021 kuma Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke na kimanin awa shida, duniya ta ɗauki salati. Mutumin Sabuwa bai ma san an yi ba, domin ya kusa wata guda rabonsa da ganin sandar sabis a wayarsa.

Irin waɗannan abubuwa ne suka sa wasu ke wa'azin a bar dandalin da kamfani ɗaya ya mallaka a koma wanda ba shi da mai shi. Mafi shahara shi ne Mastodon, wanda Eugen Rochko ya ƙirƙira a Jamus a 2016, kuma jama'a suka yi masa tururuwa bayan Elon Musk ya sayi Twitter a kan dala biliyan 44 a Oktoban 2022. Tsarinsa kamar majalisun unguwa ne: kowace da mai tabarmarta da dokokinta, amma ɗan wannan majalisa na iya jiyo hirar waccan ya sa baki. Kowa na iya kafa kwamfutarsa mai riƙe saƙonni, wadda ake kira uwar garke, su kuma dubban uwayen garken suna magana da juna ta wata ƙa'ida mai suna ActivityPub da aka amince da ita a 2018. Babu talla, babu attajirin da zai tashi da safe ya canza wa kowa doka.

Duk wanda ya leƙa ya san hirar da ta fi yawa a can, bayan hotunan kyanwa da na abinci, ita ce ƙorafi a kan dandalin kansa. Tun a ƙofa ake tambayarka wace uwar garke ka zaɓa, kai kuwa ba ka san bambancinsu ba. Ka buɗe muhawara ka ga rabin amsoshi, sauran suna wata uwar garken da taka ba ta jiyo ba. Neman tsohon saƙo aiki ne. Masu kula da uwayen garke biyu su saɓa, ɗaya ya toshe ɗaya, ka wayi gari abokinka ya ɓace. Mai kula da taku, wanda ɗan sa-kai ne da ke biyan kuɗin haya daga aljihunsa da gudummawar jama'a, ya gaji ko rashin lafiya ta shigo gidansa, ya ba da sanarwar rufewa. Ka ƙaura, mabiyanka su biyo ka, amma rubuce-rubucenka su tsaya a can. Da na karanta irin waɗannan koke-koke sai na ga babin Larkin na rediyo da na Ƙofar Wambai sun dawo da sabuwar riga. Bature ne a Berlin ko Toronto ke gano abin da ɗan kaset na Kano ya daɗe da sani: saƙo ba ya tafiya a iska haka nan, akwai wanda ke biyan kuɗin wuta, akwai wanda ke tashi tsakar dare ya yi gyara, kuma ranar da ya gaji zance ya tsaya. Manyan kamfanoni sun ɓoye mai gyara a bayan labule, Mastodon ya fito da shi fili har ka san sunansa. A ganina wannan alheri ne, ko da yake masu ƙorafin ba haka suke ji ba.

Sai dai kada a ruɗe mu. Wannan tsari maganin mai kamfani ne, ba maganin mai makunni ba. Da a ce duk matasan Faskari suna kan Mastodon a Satumban 2021, da babu abin da zai canza, domin uwar garke ko dubu ce ta ƙarfen sabis guda za a bi a kai gare ta. VPN ma sai da sabis take aiki. Ga kuma ƙananan shingaye da masu zana waɗannan manhajoji ba sa gani: rajista sai da imel, alhali yawancin mutanenmu lambar waya suka sani, kuma dandalin na masu rubutu ne, alhali abin da ya sa WhatsApp ya ci kasuwar karkara shi ne saƙon murya, wanda wanda bai yi boko ba zai danna ya yi magana ya saki. Abubuwan da suka ci gaba da aiki a watannin rufewar su ne memori, da turi daga waya zuwa waya, da direban mota, da rediyo. Abin dariya, rediyon nan ita ce mafi tsufa kuma mafi cibiya a cikinsu duka, baki ɗaya kunnuwa miliyan, amma ita ce ba ta nemi izinin ƙarfen sabis ba.

Akwai wani wurin da lokaci ya yi wa littafin gyara. Larkin ya yi gaskiya cewa satar fasaha ce ta shimfiɗa wa fim ɗin Hausa hanya, amma bai kai ga ganin yadda ita ce kuma ta taimaka wajen cinye shi ba. Da faifan CD ya maye gurbin kaset, kwafi ya yi arha har kwalin ya daina zama katanga, sannan turi ya zo ya ƙarasa. A tsakiyar shekarun 2010 kasuwar faifai ta durƙushe, furodusoshi da yawa suka tafka asara. Mafitar da aka samu ita ce tashar Arewa24 da ta fara a 2014, da kuma YouTube, inda finafinai masu dogon zango irin su Izzar So a tashar Bakori TV da Labarina na Aminu Saira suka sami masu kallo. Wato masana'antar da ta tashi a kasuwa marar shugaba ta ƙare a hannun kamfani ɗaya da ke Amurka, shi ke yanke nawa za a biya da abin da za a goge. Mai turi kuwa ya sauke zango sau ɗaya ya raba wa mutum ɗari, kallon da ba ya shiga lissafi, kuɗin da ba ya isa ga mai fim. Wanda ke ɗokin sadarwa marar cibiya ya kamata ya zauna da furodusan da ya sayar da fili ya yi fim, ya ji ta bakinsa.

Sauran ƙorafina biyu ne. Mata suna cikin littafin, ana maganar yadda silima ta zama haramtacciya gare su da yadda bidiyo ya kai musu fim har ɗaka, amma muryarsu ba ta da yawa, alhali su ne ginshiƙin kasuwar. Na biyu, Turancin na jami'a ne. Akwai shafukan da Larkin ke ba da labari kamar ruwa, musamman in ya shiga silima ko kasuwa, akwai kuma inda yake tsayawa ya gaisa da masanan Turai ɗaya bayan ɗaya har mai karatu ya ƙosa. Mutanen da aka yi littafin a kansu, 'yan kaset da masu gyara da 'yan kallo, ba za su iya karanta shi ba. Wanda ke son cike giɓin sai ya haɗa da rubuce-rubucen Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero, wanda ya san harkar daga ciki kuma ya bi ta har zamanin intanet.

Abu na ƙarshe da littafin ya sa ni tunani shi ne ta yaya ma aka iya rubuta shi. Larkin ya san lasifikar Kano ta yi gardama a shekarun 1940 ne domin wani jami'i ya zauna ya buga ƙorafi a takarda, aka sa a fayil, fayil ɗin ya kwana a ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Kaduna har wani ya zo bayan shekara hamsin ya buɗe. Shaidar abin da ya faru a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa a 2021 ba ta cikin fayil. Tana cikin saƙonnin muryar da aka aika ranar da sabis ya dawo, da wasiƙun da aka ba direbobi, da littafin bashin mai POS, da ƙwaƙwalwar masu caji da aka hana sana'a. Saƙon murya kuwa shi ake fara gogewa idan waya ta ce ta cika. Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da ke Katsina da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma duk suna da ɗaliban da suka fito daga waɗannan garuruwa, suka san wa za a tambaya da yadda ake tambaya. Su ne za su iya tattara wannan tun masu shi suna tunawa, kuma babin rediyo da na Ƙofar Wambai na Larkin sun isa su nuna musu irin tambayoyin da za su yi.